Injin Mahir da Lallen Gwaggo Dije

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar labarin nan. Waɗanda suka cika min akwatin saƙo suna tambayar ko lafiya na yi shiru, lafiyar jiki dai ƙalau, ina nan a Alƙahira. Shirun da kuka ji inji ne ya jawo shi, injin da ke ajiye wa mutum ƙwallon golf a gabansa ya buga. Na san wasu za su yi dariya. Ni ma da farko na yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mardiya, 'yar Katsina ce ni, ina shekarar ƙarshe a sashen Larabci na 'yan mata a Azhar. Ina da saurayi mai suna Mahir, kuma ban taɓa furta sunansa a gaban kowa na gidanmu ba.

A zafin bana na 2014 Babana, Alhaji Sada, ya zo Masar aka yi masa aikin gwiwa. Umma ba ta samu biyo shi ba saboda ƙannena suna jarrabawa, sai ƙanwarsa Gwaggo Dije ta rako shi jinya. Suka kama shaƙƙa, wato gidan haya a bene, mai kayanta a ciki a unguwar Faisal, hawa na huɗu, ni kuma na tattaro daga ɗakin kwanan ɗalibai na dawo wurinsu tunda muna hutu. Falon irin na Misirawa ne, kujeru masu ƙafafu ruwan gwal duk sun koɗe, labule mai nauyin bargo, da fanka mai kuka kamar ana yanka ta. In ka leƙa baranda, ga mai kurar ful, dafaffen waken Misirawa, a ƙasa da ƙatuwar tukunyarsa, ga 'yan kwandastan bas suna ta kiran Giza, Giza.

Akwai lif a ginin, amma bana wuta sai ta ga dama take zuwa. Ranar da aka dawo da Baba daga asibiti ta tsaya da shi tsakanin hawa biyu, ya rantse ba zai sake shiga akwatin nan ba sai ranar tafiya filin jirgi. To mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kasuwa cikin injinan niƙa da na ban ruwa, hannunsa kullum da baƙin mai, shi ne aka ajiye a kujera yana kallon bango. Likitan motsa jiki yana zuwa gida ya ce ya riƙa ɗaga tafin ƙafa yana saukewa, Baba ya ce shi ba jariri ba ne. Abinci ma sai Gwaggo ta yi da gaske yake ci.

Gwaggo Dije kuwa, bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu, ta fi ni kyau. Ta ɗan haura arba'in amma ba za ka ce ba. Doguwa ce, fara sol, da haƙorin Makka a gefe, ɗaurin ɗankwalinta ko bacci ta yi ba ya gocewa. Mijinta ya rasu da daɗewa, ba su haihu ba, tana sayar da atamfa da turaren wuta. Idonta kuma ba ya barin komai ya wuce.

Mahir Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka tsaya can a hanyar hajji, yanzu shi da mahaifiyarsa Hajja Awadiyya suna zaune a unguwar Ainu Shams. A layin sabunta iƙama, takardar izinin zama, muka haɗu a Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Takalmina ya tsinke, ina ta mita da Hausa a raina na babu mai ji, sai wani dogon saurayi ya tsuguna, ya zaro waya daga aljihu ya ɗaure min shi, bai ko kalli fuskata ba. Da ya gama ya ce, "Khalas, zai kai ki gida." Haka yake. Hannunsa ya iya komai, bakinsa kuma in ya ga babba sai ya mutu.

Aikinsa a wani filin golf yake, can bayan gari ta hanyar Sitta Uktubar. Masu kuɗi suna zuwa koyon bugu, sai su jefa wani ɗan ƙarfe mai kama da kwabo a cikin ƙaton inji, injin ya zubo musu ƙwallaye cikin kwando. Mahir ne mai kula da shi in ya shaƙe. Ganin yadda tsofaffi ke wahalar sunkuyawa su ɗora ƙwallo bayan kowane bugu, sai ya ƙera nasa ƙarami a ɗakinsa. Gangar tsohon injin wanki ce ke riƙe ƙwallayen a sama, fedar keken ɗinki a ƙasa, wayar birkin keke ta haɗa su, hannun da ke sauko da ƙwallon kuma ludayin miyar Hajja Awadiyya ne. Ba ruwansa da wuta.

Da na ga Baba ya fara maganar komawa gida ƙarshen wata, hankalina ya tashi. In ya tafi ba su haɗu ba, shi ke nan, domin takardun Mahir ba masu kai shi Najeriya cikin sauƙi ba ne, Umma kuma ta fara min zancen masu zuwa tambaya. Na tura masa saƙo a WhatsApp.

Ni: Asabar za ka zo ka gaida Baba. Ka faɗa masa abin da ke tafe da kai.

Mahir: Ni kaɗai?

Ni: A'a, da sojoji.

Mahir: Tamam, to. Me zan ce?

Ni: Ka ce kana so na. Kalma uku ce.

Mahir: Insha Allah.

Ni kuma 'yar fari ce, sunan mahaifiyar Baba aka sa min, shi ya sa shi da Gwaggo suke ce min Mamana. Ba zan iya buɗe baki in ce masa saurayi zai zo ba. Abin da na iya cewa kawai, "Baba, wani Bahaushe ɗan uwanmu zai zo duba ka."

Ranar Asabar na sauya kaya har Gwaggo ta tambaye ni ko shagon sayar da abaya zan buɗe. Na tsaya a kan mai ruwan toka da duwatsu a bakin hannu, mayafi ruwan hoda, kwalli kaɗan. Na dafa karkade na sa a firji, na soya cincin, na turara falo. Sai wuta ta ɗauke. Can na ji wani ƙara a matattakala kamar ana jan gadon ƙarfe, da muryar bawwab, wato mai gadin gininmu, yana cewa injiniya ya bi a hankali, "Bi-raha, bi-raha ya bashmuhandis." Na leƙa. Mahir ne cikin farar jallabiya da rawanin Sudan, ya jiƙe sharkaf, shi da bawwab sun tallabo injin nan.

"Mene ne wannan?" na tambaye shi a hankali.

"In baki ya ƙi, sai in nuna masa aikin hannuna. Ya san ba zan bar ki da yunwa ba."

Wallahi a lokacin tausayi ya ba ni. Na koma bayan labulen kicin na laɓe.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa ya jiki.

"Da sauƙi, samari. Daga ina?"

"Ainu Shams, ya Hajj."

"Madalla. To me ke tafe da kai?"

Mahir ya buɗe baki. Ya kalli kafet, ya kalli fanka, ya kalli yatsunsa. Ina bayan labule ina ta karanto masa Rabbishrah li sadri.

"Inji," ya ce.

"Inji?"

"Inji na kawo, ya Hajj."

Baba ya gyara zama, abin da bai yi da kansa ba tunda aka yi aikin. Ya ce a matso da shi. Mahir ya shimfiɗa wani ɗan kafet kore mai tsinin roba a tsakiya, ya juye ƙwallaye a gangar, ya taka feda. Ƙwallo ɗaya ya gangaro ta bututu ya faɗa ludayi, ludayin ya sauko a hankali cikin ladabi kamar amarya na ajiye wa surukarta kwano, ya ɗora shi a kan tsinin, ya koma sama.

Baba ya ƙura wa ludayin ido. Sai ya ce, "Sake."

Ya sake.

"Kawo fedar nan ƙarƙashin ƙafata."

Da ƙafar da aka yi wa aiki ya taka. Ludayi ya sauko. Baba ya juya sandarsa ta dogarawa ya ɗan doki ƙwallon, ya gangara ya shige ƙarƙashin firji. Ya yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun ina 'yar firamare. Har magariba suna kan abu ɗaya. Karkaden da na kawo ko kallonsa ba su yi ba, ni ma haka. Da Mahir zai tafi Baba ya ce, "Bar min shi ya kwana biyu." Washegari likitan motsa jiki ya zo ya tarar da shi yana ta taka feda, ya ce mumtaz, wato madalla, wannan shi ne abin da yake ta roƙo, kada a kuskura a ɗauke.

Daga nan falonmu ya tashi daga falo. Aka jingine katifata a ƙofar baranda don ta tare ƙwallo, ni na koma kwana a kan doguwar kujera. Mahir ya kawo wata tsohuwar sandar golf da aka yar a wurin aikinsu. Bawwab ya bar gadi ya dawo sama. Wani tsohon malamin lissafi da ke hawa na uku, wanda kowa ke kira Ustaz, ya hawo ƙorafin ƙara cikin kayan baccinsa masu zane, bai sauka ba sai da aka kira isha. Baba ba ya jin Larabcin Masar, su ba sa jin Hausa, amma kullum suna tare suna musu a kan wa ya fi bugu. Ni, ɗalibar nahawu da balaga, aikina ya zama tsintar ƙwallo. Ƙarƙashin kujera, cikin takalmin Gwaggo, bayan gas. Akwai ranar da na tsamo ɗaya a miyar kuka.

Rannan katifa ta zame daidai lokacin da Ustaz ya kai bugu da ƙarfinsa. Ƙwallon ya fice ta baranda. Muka ji shiru, sai kuma ihu daga titi. Ba a jima ba mai ful ya hawo da ƙwallon a cikin dogon ludayinsa, wake na ɗiga, yana rantsuwa sai ya kira 'yan sanda. Baba ya nuna masa feda ya ce ya taka. Mutumin nan ya bar kurarsa a hannun mai shagon kusa, sai da aka aiko kiransa ya sauka. Yanzu kullum da safe yana aiko mana da ful kyauta.

Mahir kuwa kullum ya tashi aiki yana gidanmu. Shi da Baba su haɗa kai a kan injin, su kwance wannan su ɗaura wancan. Baba ya sa aka canza sifirin, aka maƙala ƙararrawar keke don ta buga duk sanda ƙwallo ya sauka. Ya ce in ya koma Katsina za su buɗe kamfani.

Gwaggo ta ce, "Yaya, a unguwarmu wa zai buga wannan abu?"

"Za su fara. Ni da can na iya ne?"

Wata ranar Laraba na kawo musu tuwo, Mahir ya ce, "Bismillah, ya Hajj." Baba ya ajiye cokali.

"Daga yau kada in ƙara jin ya Hajj ɗin nan. Ni ban da ƙane namiji, Allah ya ba ni a Masar. Yaya za ka riƙa ce min. Mamana, zo ki gaida baffanki."

'Yan uwa, na durƙusa har ƙasa a gaban saurayina na ce, "Ina wuni, Baffa."

Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, 'yata."

Ko matattakala bai gama sauka ba na tura masa saƙo.

Ni: 'Yata?

Mahir: Ma'alish ya Mardiya. Suɓutar baki ce.

Ni: Abin da ya kamata ya suɓuce bai suɓuce ba.

Mahir: Wallahi gobe zan faɗa.

Ni: In ba ka faɗa ba ka zo ka kwashe gangarka da ludayin mamarka.

Mahir: Baba zai ji ba daɗi.

Ni: Yayanka dai.

Washegari bayan la'asar ya zo cikin sabuwar jallabiya, ya yi aski, yana ƙamshin sandal. Ustaz da bawwab suna baranda suna shan shayi. Gwaggo tana kicin tana yanka kuɓewa, ni ina wurina na kullum a bayan labule. Mahir ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba.

"Yaya, akwai magana."

"Faɗi, ƙanena."

"Maganar aure ce."

Baba ya ɗauke ƙafarsa daga kan feda. Na dafe ƙirji.

"Akwai wata... a gidan nan..." Daga nan murya ta ƙare.

Baba ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka wahalar da kanka. Ciwon a gwiwa yake, ba a ido ba. Ina lura da yadda zufa ke karyo maka duk sanda aka ɗaga labulen kicin. Ina ganin yadda kake suɗe kwanon tuwo. Na daɗe ina jiran ka yi magana."

Hawayen daɗi suka cika min ido. Na fara tunanin kalar ashobi.

"Kuma ka iya zaɓe," in ji Baba. "Mace ce mai tsafta, ga iya girki, ga neman na kanta. Ta kuma san darajar miji tunda ta taɓa yi."

Na ce a raina, na taɓa yin me?

"Na ba ka Dije."

Mahir ya ɗago kai a firgice. "Na'am?"

"Alhamdulillahi, ya ce na'am. Ustaz, ta'al. Dije, fito."

Kun san tambaya ce Mahir ya yi, ni ma na sani. Amma Ustaz da bawwab sun ji na'am da kunnensu, a wurinsu kuma ma'anarta ɗaya ce, wato ya yarda. Baba ya nuna Mahir, ya nuna kicin, ya haɗa yatsu biyu, nan take suka gane suka hau mabruk suna taya murna. Gwaggo ta ajiye wuƙa, ta wanke hannu a nutse, ta ratsa ta gefena ba ta ko dube ni ba. Ni kuma duk fatana yana kanta, domin na karanta a fiƙihu cewa bazawara sai ta furta yardarta da bakinta. Na ce yanzu za ta yi dariya ta ce Yaya ka rufa min asiri, wannan ai ɗan cikina ne.

Ta tsaya ta ƙare wa Mahir kallo daga rawani har silifa, irin kallon da take yi wa atamfa kafin ta taya.

"Ba laifi," ta ce. "Na amince, Yaya."

Aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha. Har da Mahir. Har da ni a bayan labule, don ban san me zan yi da hannayena ba. Bawwab ya leƙa matattakala ya sanar, matar Ustaz ta rangaɗa guɗa daga hawa na uku. Baba don murna ya taka feda, ƙararrawa ta buga.

Na ɗauki bokitin shara na bi Mahir. A tsakanin hawa na biyu da na ɗaya na same shi zaune a kan matakala, rawanin a hannunsa.

"Ango," na ce.

"Ya Mardiya, don Allah."

"Koma yanzu ka ce masa kuskure ne."

"A gaban Ustaz? Bayan Fatiha? Kin ga fuskarsa kuwa? Likita ya ce kada a tayar masa da hankali saboda hawan jini. Kuma Gwaggo ta ce ta amince a gaban maza. In na ce ba ita ba ce, da wane ido za ta ƙara kallon mutane?"

"Ni da wane ido zan kalle ka? Ka san hukuncin, ba a haɗa mace da gwaggonta. In aka ɗaura, ni da kai sai gaisuwa."

"Zan gyara."

"Da me? Da waya?"

Ya karɓi bokitin sharar daga hannuna ya sauka da shi, don ko a wannan halin ba zai bar ni in ɗauki kaya ba. Na zauna inda ya tashi na yi kuka mai isata.

Kafin gari ya waye labari ya kai Katsina. Hoton Mahir tsaye kusa da injinsa ya zaga duk wayoyin dangi. Umma ta kira ni tana ta murna.

"Ashe rabon Dije a Masar yake. Yaya yaron yake, yana da hankali?"

"Yana da shi, Umma."

"Babanku ya ce ko sauro ba ya iya kashewa. Ke ma ki dage da addu'a Allah ya kawo miki irinsa."

Na ce amin. Me zan ce? Da jiya na yi magana, da yarinya ce ta kawo saurayi. Yau in na yi, 'yar da ta ƙwace wa gwaggonta miji ce, bayan matar ta shafe shekaru ita kaɗai.

Baba ya sa aka gayyaci Hajja Awadiyya cin abinci ranar Juma'a don a tsayar da rana kafin ya tafi. Gwaggo ta fito da lesukanta ta baje a gado. Ta sayo dilka da humra wurin wata 'yar Sudan, ta fara kiran Mahir a waya tana tambayar irin miyar da ya fi so. Shi kuma yana amsawa. Ni da shi saƙonninmu suka koma haka.

Ni: Ka faɗa wa mamarka?

Mahir: Na ce mata an ba ni mata a gidan Alhaji.

Ni: Wace?

Mahir: Ba ta tambaya ba. Ta ɗauka ke ce. Tana ta yin turare.

Ni: Mahir.

Mahir: Ina neman hanya, wallahi.

Jiya Laraba bayan azahar, Baba ya yi bacci a kujera ƙafarsa a kan feda, Gwaggo ta kira ni ɗaki. Ta kwaɓa lalle a kwanon silba, ta shimfiɗa leda, ta miƙe ƙafafu.

"Mamana, zo ki sa min. Hannunki ya fi nawa daidai."

Na zauna na fara liƙa mata salatif a gefen ƙafa. Ina yi hawaye na ɗiga a cikin kwanon. Ta bar ni har na gama ƙafa ɗaya, na koma hannu.

"Ki daina tsarma min lalle," ta ce. "Na san naki ne."

Na ɗago.

"Tun ranar da ya fara zuwa na sani. Yarinya ba ta sauya abaya sau nawa don mai duba maras lafiya. Kuma ba a laɓewa a bayan labule don a ga inji."

"To Gwaggo, me ya sa kika..."

"Me ya sa na amince? Don in ga abin da zai yi. Ina tsaye a gabansa na ba shi lokaci, na ƙare masa kallo don ya samu ya ce a'a, ba wannan ba. Ya ɗaga hannu ya shafa Fatiha." Ta miƙo min ɗaya hannun. "Mamana, gidan miji ba falon nan ba ne. Wata rana za a taka ki, a danginsa ko a naki, sai an samu mai buɗe baki. In a gaban tsoho mai gwiwa ɗaya, wanda ke son sa kamar ransa, ya kasa faɗin sunanki, a gaban wa zai faɗa?"

Sai na ji wani sanyi ya sauko min. Na kama hannunta da lallen da komai. "Wato duk wasa kike yi. Gwaggo, Allah ya saka miki, wallahi na ɗauka..."

"Wa ya ce miki wasa nake?"

Na saki hannun.

"Ranar Juma'a uwarsa za ta zo. In ya tashi a gabanta da gaban Yaya ya ce Mardiya yake so, da bakinsa, ba da inji ba, ni zan yi guɗar farko. Kunyar kuma ni zan ɗauka, na ɗauki wadda ta fi ta. Lesukan nan ma ke zan ba." Ta duba zanen da na yi mata a tafin hannu. Da ta ci gaba muryarta ta sauka. "In kuma bai yi ba, to ki ji da kyau. Tun rasuwar mijina Malam nake rufe ƙofa ni kaɗai, in buɗe ni kaɗai. Masu zuwa duk tsofaffi ne masu neman mai jinya. Wannan yaro ne mai kunya, mai sallah, ba ya ɗaga murya, famfon banɗakin nan ma shi ya gyara ba a sa shi ba. Ke kina buƙatar mai magana. Ni ina da bakin da zai ishe mu mu biyu."

"Gwaggo, ina son sa."

"Na sani. Shi ya sa na ba shi har Juma'a. Ki faɗa masa duk abin da na ce, ban hana ki ba. Amma ke kada ki yi masa aikinsa. In kika je wa Yaya da maganar, na fasa janyewa."

Ina zaune sai wayarta ta hau ruri a kan filo. Na ga sunan da ta sa wa Mahir a allon, da ɗan hoton fure a gefe.

"Hannuna da lalle," ta ce. "Ɗauka ki kara min a kunne."

Na ɗauka. Na kara mata.

"Angona," in ji Gwaggo, tana kallon tsakiyar idona. "Ka taho da Hajja da wuri ranar Juma'a, dambun shinkafa zan yi muku. Ko akwai wata magana da kake son faɗa min kafin nan?"

Ɗakin ya yi tsit, har ina jin numfashinsa ta cikin wayar, da ƙarar jirgin ƙasa a bayansa. Na rufe ido ina jiran in ji sunana.

"Tamam, Hajiya," ya ce. "A sa yaji kaɗan."